Alamar # Da Ta Raba Ni Da Makka

Assalamu alaikum Edita. A lokacin da wannan abu ya faru, ni matashi ne mai ji da kaina, na gama karatun kwamfuta a gida ban samu abin yi ba. Wani ɗan unguwarmu da nake kira Yaya shi ya samo mini bizar aiki a Makka, a kamfanin da ke kai wa alhazai abinci a tantunan Mina, inda yake shugaban sashen kwamfuta. Ofishinmu na Rusaifa, ni da matata muna haya a Ka'akiyya. Iƙamata, wato takardar izinin zama, a hannun kamfani take, ranar da suka ce sun gaji da ni ranar zan tattara. Amma ban taɓa damuwa ba, tunda Yaya na nan.

Manhajar da ke rarraba motocin abinci tana da fayil na saituna da take karantawa duk sanda aka kunna ta. A kowane layi, sunan sansanin alhazai ne makulli, wato abin da manhajar ke nema da shi, a gabansa kuma motar da za ta je can da yawan abincin da za ta ɗauka. Gab da Hajji aka ƙara mana sabbin sansanoni, ofishin mudir, wato manajan kamfanin, ya turo sunayensu kowanne da alamar # a farko, irin wadda ake dannawa wajen duba kuɗin waya. Yaya ya zauna a kwamfutata ya zuba su yadda suka zo. Ina gani na san akwai matsala. A irin wannan fayil, duk layin da ya fara da # manhaja ɗauka take bayani ne da mai aiki ya rubuta wa kansa, sai ta tsallake shi. Ba ta yin ƙorafi, ba ta nuna komai, tashi take lafiya lau kamar waɗannan sansanoni ba sa duniya.

Na same shi na yi masa bayani cikin ladabi, cewa a cire alamar, kuma a sa manhajar ta riƙa tsayawa idan sansanonin da ta karanta ba su cika ba. Ya ce ba a taɓa fayil Hajji na bakin ƙofa, sunaye kuma dole su zauna yadda mudir ya turo su, ai an yi gwaji. Na ce da tsofaffin sansanoni aka gwada. Nan fa ya haɗe rai, ya tambaye ni yaushe na fara koya masa aiki, ya tuna mini wanda ya cire ni daga zaman kashe wando. Ƙa'idar kamfani ita ce duk wanda ya ga matsala ya tura imel, mudir ya gani. Wallahi na buɗe, na fara rubutawa. To amma ta yaya zan kai ƙarar mutumin da nake durƙusa wa mahaifiyarsa? Na goge, na ce masa to.

Ranar da alhazai suka fita zuwa Mina, motoci suka tashi, ko ɗaya ba ta nufi sabbin sansanonin ba. Mutanenmu ne a ciki, galibi tsofaffi daga karkara, ga rana tana dukan tanti. Kafin a gane, wata Hajiya mai ciwon suga ta yanke jiki ta faɗi, motar asibiti ta ɗauke ta. Allah ya sa ta tashi.

Bayan Hajji mudir ya kira mu. Ina zaune Yaya ya buɗe baki, da Larabcinsa mai santsi, ya ce fayil ɗin aikina ne, a duba ma a ga daga kwamfutar wa aka shigar da sunayen. Na rantse na gargaɗe shi. Mudir ya ce in nuna inda na faɗa. Na dubi Yaya, ya kau da kai yana latsa waya. Aka buga mini huruj, ficewar da babu dawowa, matata tana da tsohon ciki, muka sayar da firij da katifa a wulaƙance.

Abin da ya fi ƙona mini rai, Yaya ya zo rakiya da kwalin dabino da jarkar zamzam. Wai in yi haƙuri, shi yana da yara a makaranta, ni kuwa ƙuruciyata na gaba. Daga baya na ji an gyara manhajar daidai yadda na faɗa, har ana yaba masa.

'Yan'uwa masu wannan sana'a, kada ku yarda da manhaja don kawai ta tashi shiru, ku bincika me ta karanta, me ta tsallake, musamman makullan da ke ɗauke da alamomi. Idan kuma kun ga ɓaraka, ku bi ƙa'idar wurin ku sanar, ko da wanda ya kawo ku ne a sama. Ni kunya na ji, shi bai ji ba. Har yau ban iya faɗa wa mahaifiyata gaskiya ba, don haka duk sanda ta idar da salla ina jin ta tana sa masa albarka, saboda ya kai ɗanta Makka.