Gye-sun Mai Binne Tsofaffi a Yashi

A ƙauyensu na bakin teku, can arewacin tsibirin Jeju na ƙasar Koriya, mace in ba ta sana'ar nutso, wato shiga ƙarƙashin teku a ɗebo abin sayarwa, ba a cika sa ta a lissafi ba. Uwar Bu Gye-sun mai nutso ce, yayyenta ma haka, amma ita ƙirjinta bai iya riƙe numfashi ba. Aka yi faɗan, aka yi lallashin, aka gaji aka ƙyale ta. Sai ta zama 'yar tudu: da sanyi tana tsinkar lemu a gonakin mutane, da zafi kuma tana binne tsofaffi a baƙin yashi.

In rana ta gasa yashin nan, masu ciwon gwiwa da baya sukan zo neman sauƙi. Ta haƙa wa mutum rami da shebur, ya kwanta, ta rufe shi har wuya, ta ɗora masa jiƙaƙƙen tawul a goshi, ta kafa masa laima saitin kai. Laimar ce ba ta wasa da ita. Sai ta haƙa har ta taɓo danshi, ta cusa sandar tana girgizawa, ta karkatar da kan ya fuskanci iska, sannan ta danne gindin da buhun yashi. Duk da haka ba ta zama. Mutumin da ka rufe har wuya, in ji ta, ko ƙuda ba ya iya kore wa kansa.

Da mijinta Hyeon Dal-su, tsohon direban motar kifi, ya samu shanyewar ɓarin jiki, shi ma ya shiga layi. Kullum da rana takan turo shi a keken guragu, ta kwantar da shi a ƙarshen layin, kusa da yayarsa Ok-ryeon, wadda nutso ya rage wa jin kunne.

"Ke dai kin ƙosa ki binne ni," yakan ce da karkataccen bakinsa.

"Da na ƙosa ai da na rufe har kan, in huta da surutu."

Ran da abin ya faru, ko ganye ba ya motsi. An ce akwai guguwa can kudu, amma da nisa. Gye-sun na zuba wa wata tsohuwa shayin sha'ir mai sanyi a baki, sai ta hango fuskar teku ta yi duhu, ta yamutse, yamutsin na gudowa gaɓa. Nan take ta gane iska ce ke tafe. Ta yar da butar, ta shiga naɗe laimominta ɗaya bayan ɗaya.

"Ke Gye-sun!" in ji Ok-ryeon daga ƙarƙashin tawul. "Gasa ni za ki yi kamar kifi?"

"Yi haƙuri, Yaya, rufe idonki!"

Ba ta gama rufe baki ba iskar ta iso. Yashi ya tashi yana tsinkar fata kamar allura. Can gaba, inda baƙi masu wanka suke, mata suka sa ihu. Wata ƙatuwar laima ce ta tumɓuke. Ta yi sama, ta faɗo, ta shiga alkafura a kan yashi, tsinin ƙarfenta na caka ƙasa yana fita, kuma ba ta nufo ko'ina ba sai layin kawunan nan da ke jere. Na farko a layin ta wannan ɓangaren shi ne Dal-su. Iska ta ɗauke masa tawul, yana kallon abin da ke tahowa.

"Gye-sun! Tono ni! Tono ni!"

Ina lokacin tono? Ta ji kamar ita ma an binne ta. Ba ta san sa'ad da ta tsallake kawunan mutane ba. Ta buɗe hannu ta tari laimar gaba da gaba. Sandar ta doke ta a kafaɗa, ta ji ƙashi ya ce ƙas, wani tsinken ƙarfe ya keta mata dantse. Ta rungume yadin ta faɗa a kan laimar. Iska na fizga, laimar na bori a ƙarƙashinta kamar dabbar da ake yankawa, tana jan ta a ƙasa, har tsinin ya nutse a yashi dab da kunnen Dal-su. A nan ya tsaya yana rawa.

Mutane suka rugo, wasu suka danne laimar, wasu suka shiga tono tsofaffi da hannu. Da aka fito da Dal-su bakinsa cike yake da yashi, sai tofarwa yake yi. Ok-ryeon kuwa sai da aka ɗage mata tawul ta ce, "Wai me ake wa gudu ne?"

Ƙashin ya haɗe, amma a karkace, hannun bai ƙara ɗaguwa sama da kafaɗa ba. Dal-su bai sake yarda an zuba masa yashi ko a ƙafa ba. A gida ma in ta lulluɓe shi da bargo ya matse, sai ya firgita ya yi ta kiran sunanta har ta yaye.

Da zafi ya dawo ta koma gaɓa, tana haƙa a hankali da hannu ɗaya da rabi. Iska na ɗan kaɗa gefen laima za ta naɗe ta, ta tono kowa, ko bai yi gumi ba. Wasu suka yi ƙorafi suka koma wajen wata maƙwabciyarta mai irin wannan sana'a, ba ta hana su ba. In aiki ya lafa, takan ɗauki shebur ta bi baƙi masu wanka tana rusunawa.

"'Yata, ki bari in ƙara wa laimarku zurfi."

Wasu su gode, su miƙo mata yankin kankana. Wasu su janye 'ya'yansu, suna kallon tabon da ke dantsenta.