Daminar da Dutum Ya Miƙe

Duk Goz Beida ba wanda bai san Zenaba mai shayi ba, wadda ke zama gindin aduwa a bakin kasuwar dabbobi. Shekara ashirin tana wurin, bakinta kuwa ya fi butarta zafi, don mahauta ma sai sun gyara murya kafin su ce mata shayi ya yi sanyi. Amma shekarar da ɗanta Dutum ya cika sha biyu, matar nan ta san tsoro.

Lokacin ne masu rawani ke shigowa gari da akori-kura suna kwashe samari zuwa yaƙi. Ba ruwansu da shekaru. Sai su tsayar da yaro jikin mota, in haɓarsa ta haye bakin bodi, to ya isa riƙe bindiga. Cikin waɗanda aka ɗauka ba wanda ya dawo.

Shi kuwa Dutum, damina ɗaya ya miƙe kamar karan gero. Jallabiyarsa ta salla ta koma gwiwa, murya ta fashe, kullum yana kukan ciwon ƙafa.

"Am Dutum, tubarkalla!" in ji matan kasuwa, don haka suke kiranta, wato uwar Dutum. "Me kike ba shi ne, nonon raƙumi?"

Sai ta yi yaƙe kawai.

Abin da kowace uwa ke zane yara a kansa, shi Zenaba ta koma yi. Kowace safiya kafin ya farka sai ta tsallake shi sau uku, don kowa ya san wanda aka tsallake ba ya tsawo. Ta riƙa ɗora masa jarkar ruwa a ka tun daga rafi. Ta rage masa tuwo, ta zaga bayan ɗaki ta yi kukanta. Duk a banza, yaro sai ƙaruwa yake.

Da dabara ta ƙare, ta ɗinka masa jallabiya mai jan ƙasa, ta koya masa tsayuwa da gwiwa a lanƙwashe.

"In ka miƙe a gabansu, wallahi ban yafe maka nonona ba."

Ranar kasuwa masu rawani suka zo. Aka jera yara, Zenaba na tsaye da buta a hannu, ba ta ko jin zafinta. Da aka zo kan Dutum ya rage tsawo yadda aka koya masa. Haɓarsa ba ta kai ba, saura yatsa biyu. Ta sauke numfashi, ta fara hamdala a ranta.

Sai wani mai rawani, shi ma ko gemu bai fara ba, ya ture shi yana dariya.

"Kai gajere, koma bayan uwarka ta goya ka! Maza muke nema."

Sauran yaran suka tuntsire da dariya. Zenaba ta ga ɗanta ya ɗaga kai.

"Dutum!" ta ƙwalla. "Dutum, a'a!"

Yaro ya miƙe gwiwoyinsa.