Fatihar da Muka Shafa a Kan Burtali

Shekarar da ruwan noman rani ya yi ƙaranci, saura ƙiris mu kashe juna da mutanen ƙauyen da ke sama da mu. Su ne a farkon hanyar ruwa ta wajen Bunkure, mu kuwa can ƙarshe, ta ɓangaren Kura. In sun ga dama sai su toshe ƙofar ruwa da buhunan yashi har tumatirinsu ya ƙoshi, alkamarmu tana ƙonewa muna kallo. Ranar da aka fasa wa wani ɗan garinmu kai da fartanya a bakin ƙofar, dagatan biyu suka ce a zauna sulhu.

Aka sa ni cikin wakilan garinmu, wai ni malamin makaranta ne, na iya magana. Na iya kuwa, har ta yi yawa. Amma kada in yaudari kaina, ba son zaman lafiya ne ya kai ni ba. Alkamata ta fara fitar da kai, kuma kwananta tara ba ta sha ruwa ba.

Muka zauna a zauren dagacinsu tun hantsi har la'asar. Kowa ya buɗe baki sai ya ce maslaha, kowa kuma gonarsa yake nufi. Suka ce za su sakar mana ruwa kwana uku a mako, to amma su me za su samu? Nan wani dattijonsu mai laushin harshe ya kawo maganar burtali, hanyar shanun da ta ratsa tsakanin garuruwanmu ta gangara mashaya. Ya ce a bar musu ita su nome, magana ta ƙare.

Burtalin nan ba namu ba ne, ba nasu ba. Shanun rugar da ke bayan garinmu ne ke binsa, kuma ba su da wata hanyar zuwa ruwa. Mai rugar aminin mahaifina ne, Baffa nake ce masa. Tun kafin a haife ni yake nan. Duk shekara in mun yanke shinkafa, shanunsa ke kwana a gonarmu, su ci tattaka su bar mana taki. Ba wanda ya kira shi zaman, tunda faɗan ba nasa ba ne.

Na gyara zama zan yi magana, sai mai unguwarmu ya danne mini gwiwa. Ya ce a hankali, "Malam, ruwa muka zo nema."

Aka amince a bar musu burtalin, liman ya ɗaga hannu. A wajenmu, in an shafa fatiha a kan magana ta rufu ke nan, wanda ya sake tayar da ita shi ne mai neman fitina. Na san haka sarai, kuma addu'ar ta yi tsawon da zan iya cewa a dakata. Na ɗaga nawa hannun, na shafa tare da kowa.

Ruwa ya zo, alkama ta yi kyau. Har yau in na ji a rediyo manyan ƙasashe sun zauna sun sasanta wani yaƙi, sai in kama tunanin wanda ba a kira zauren ba.

Kwana biyu bayan zaman, Baffa ya yi sallama a ƙofar gidana, fuskarsa a sake. Ya ce, "Barka da arziki, ɗana. Na ji da bakinka aka kashe wutar nan." Ashe bai ji sauran labarin ba. Na ce, "Alhamdu lillahi, Baffa."

A bakin burtalin ya ji, ranar da shanunsa suka tarar da garma tana kaftar hanya. Ya dawo wajena, wannan karon bai zauna ba.

"An shafa fatiha a kai?"

"An shafa, Baffa."

"Har da hannunka?"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na ce, "Har da nawa."

Na so ya zage ni, ko ya ce zai kai ƙara wajen hakimi, da na samu abin da zan riƙe. Sai ya ce, "To, ba zan tayar da abin da ɗan aminina ya shafa ba."

Kafin damina ta faɗi rugar ta tashi. Bai faɗa wa kowa inda ya nufa ba, ni kuma ba ni da fuskar tambaya.