Kawu Falalu da Kaset ɗin da Ya Ƙi Mutuwa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 11 ga Satumba, 1979, bayan sallar azahar, Allah ya karɓi ran kawuna, Malam Falalu Indabawa, a gidansa da ke Mile 2 Diobu, Fatakwal, bayan jinyar ciwon hanta. Ban san shekarunsa daidai ba. Mahaifiyata, wadda ƙanwarsa ce, ta ce ya haura hamsin.

Kawu, mutane da yawa sun san muryarka, kaɗan ne suka san ka. Ka bar Fatakwal a 1967, lokacin yaƙin basasa, da garayarka kawai, ka dawo a 1971 ka tarar babu ko ƙyauren shagonka. Ka sake kafa sana'ar albasa. Duk wanda jirgin ƙasa ya sauke daga Arewa bai san kowa ba, rumfarka ake nuna masa, ka ba shi tabarma da tuwo har ya tsaya da ƙafarsa. Ranar da zan tafi jami'a, kai ka ɗora akwatina a ka har tasha, kana ce wa 'yan dako, “Ku bari, kayan ilimi ne, ni ma in samu albarka.”

Dole in ambaci kaset ɗin, domin shi ne abin da ya fi damun ka. A 1975, da kuɗin mai ya sa kowa yana son faifai, ka kai ƙungiyar kiɗanka wani ɗakin ɗaukar waƙa a Onitsha. Gardama ta tashi tsakaninka da mai kalangunka, Dogara. Mai kula da na'ura bai kashe ta ba, bai kuma gaya muku ba. Faifan waƙar bai taɓa fitowa ba. Faɗan ne ya fito.

Kowa ya san yadda ya fara. Ka ce, “Dogara, kiɗa kake yi ko sauro kake kashewa?” Ya ce, “Oga, na you dey rush! Waƙa kake ko jirgi za ka kama?” Ka ce ko akuya aka ɗaura wa kalangu za ta fi shi bin waƙa. Ya ce to a ɗauko akuyar, amma ita ma sai an biya ta. Har nan wasa ne irin na mutanen da suka daɗe suna cin abinci a kwano ɗaya. Daga nan fushi ya kwashe ka, ka ambaci mahaifiyarsa, Inna Indo, da sunanta, da kalmar da ba zan rubuta ba.

Direbobi suka riƙa sa shi a mota daga kasuwar Ogbete ta Enugu har Diobu, har waɗanda ba sa jin Hausa suna haddace shi. Inna Indo tana soya ƙosai a unguwar Abakpa Nike, can Enugu. Samari suka fara tsayawa gaban kaskonta suna maimaita kalmar suna dariya. Ta daina fitowa. Ta rasu a farkon 1977, kana ta shirin zuwa neman gafararta, kunya tana hana ka.

Tun daga nan ka rataye garaya. Ka taɓa ce mini, “Muntaka, wasu suna barin rijiya, lada yana bin su kabari. Ni zagi na bari, kullum ana sabunta mini shi.” Sai ka shiga bin kasuwanni kana sayen kaset ɗin duk inda ka gan shi, ka zo gida ka ƙona. Masu sayarwa suka ga kaya yana ƙarewa, suka ƙara kwafa. Na yi maka bayanin haka da lissafi irin na 'yan makaranta. Ka saurare ni har ƙarshe, ka ce, “Gaskiya ne. Amma wanda na ƙona dai ba za a ji shi ba.”

A maƙabarta, bayan an rufe ka, liman ya roƙi jama'a su yafe maka. Dogara, wanda ya taso daga Enugu, ya miƙe ya ce, “Ni na yafe masa nawa, na jiya da na duk ranar da za a ƙara sa kaset ɗin nan. Amma na Inna ba nawa ba ne. Ba ni da ikon bayarwa.” Muna fitowa, na ji muryarka tana tashi daga wata motar haya a bakin titi.

Ban san hukuncin wannan a wurin Allah ba, kuma ba zan yi ƙaryar sani ba. Roƙona ɗaya ne: duk wanda yake da kaset ɗin nan, ya sani mutane biyu da ya shafa, Kawu da Inna Indo, suna kabari, ba sa iya kare kansu. Ya taimake su da shiru.

Ya Allah ka jiƙan Falalu, ka yalwata kabarinsa, ka sulhunta shi da Inna Indo a ranar da babu mai sulhu sai Kai. Ita ma ka yi mata rahama. Ga matarsa Kubura, da 'ya'yansa Hajaratu da Ɗanjuma, da mahaifiyata Sakinatu, da Dogara, Allah ya ba mu haƙurin rashi. Amin.

Muntaka Gimba, Mile 2 Diobu, Fatakwal