Furen Yaya Asabe

Catford

Ƙarfe shida saura kwata, bayan na yi sallar asuba, na fito daga gidan da muka sauka. A shekarun nan na arzikin fetur ne na rako yayata Asabe Landan, za a yi mata aikin zuciya ƙarfe biyu na ranar. Abu ɗaya ta roƙe ni: furen fayolet, mai ƙamshi, mai ninki-ninki, irin wanda marigayi mijinta ya shuka mata a Jos.

"Sani, in shaƙe shi kafin su sa ni barci," in ji ta.

Deptford

Bas ta sauke ni kasuwa ƙarfe bakwai. Rumfa huɗu na zaga, duk fayolet ɗinsu mai falle ɗaya ne, ba ƙamshi. Wani mai fure ya rubuta mini kwatancen wata tsohuwa mai lambu, can bayan Stratford.

Stratford

Jirgin ƙasan da na shiga ya tsaya cikin ramin ƙarƙashin ƙasa minti arba'in, ba bayani. Sai sha ɗaya da rabi na ƙwanƙwasa ƙofarta.

Tsohuwar ba ta san sauri ba. Da na faɗa mata buƙatar Yaya, ta kai ni ɗakin gilashin da take renon furanni tana bayani: daga Italiya aka kawo irinsa, wasu sun ce asalinsa ƙasashen gabas ne. Ba ya yin iri, sai dai a ɓalli reshe a dasa. Ga fari, ga ruwan toka mai shuɗi-shuɗi, ga mai duhu.

"Wanne ne nata?" in ji tsohuwar.

Ban sani ba. Ta dube ni, ta tsinko duka ukun.

Asibiti

Tasin da na hau ta maƙale cikin cunkoso a gada. Na sauka na ruga. Biyu saura minti biyar na tarar ana tura gadonta.

"Yaya!"

Nas ta tsaya, na miƙa furannin. Yaya ta laluba, ta ɗauki farin, ta kai hanci, ta lumshe ido.

"Shi ne. Ku tura ni."

Awa biyar na yi a kan benci kafin likita ya fito yana murmushi.

Jos

Bayan mako shida muka sauka Kano, muka kama hanyar gida. Da ƙafarta ta shiga ɗakinta. Godiya ta tabbata ga Allah, sannan ga tsohuwar nan da ko sunanta ban tambaya ba.