Ranar da Gwaggo Torika ta ɗauke akushin kava

Ƙarfe tara na safe, ko da Lahadi ce, za ka iske Gwaggo Torika a bayan makarantar ƙauyenmu, tsugune gaban ma'aunin ruwan sama. Ta duba, ta rubuta, ta zubar, ta kira ofishin hasashen yanayi ta faɗa musu. Shekara talatin da huɗu ke nan, kuma ƙarshen watan nan za ta huta. Duk faɗin Fiji ba na jin mutum ashirin sun san sunanta, abin yana ba ni haushi.

Mu ma mun sha yi mata tsiya. Mai gari Waisake yakan ce, "Gwaggo, ruwan da ya riga ya jiƙa mu kike aunawa? Ki tambayi rigata mana!"

Sai shekarar babbar guguwa. Kwana biyu muna cunkushe a cocin kan tudu. Da safiyar na uku rediyo ya ce guguwar ta karkata can cikin teku, iska kuma ta kwanta. Mu dai a saninmu, in rufin ɗaki ya tsira, an tsira. Kowa ya hau naɗe tabarma zai koma gida bakin kogi.

"Kada wanda ya sauka," in ji Gwaggo. "Wannan ba tafiya take ba, jan ƙafa take a kan ruwa mai ɗumi, tana sha. Abin da ta sha kuwa, a kan duwatsunmu za ta juye shi."

Mata suka ji magana. Mu maza, da muka kwana biyu ba mu zauna shan kava ba, wato abin shanmu na gargajiya da ake damawa da garin saiwa, muka gangara abinmu. Tsohuwar nan ta bi mu, ta shiga gidan mai gari, ta ɗauko babban akushin kakanni wanda ba a zaman sha sai da shi, ta aza a ka ta nufi tudu.

"Gwaggo, lafiyarki kuwa? Ajiye!" in ji Waisake.

"Mai son sha ya hau. Ba ku da ƙafa ne?"

Haka muka bi ta muna ƙunƙuni, kuma muryata ta fi ta kowa tashi. Da rana ta take, ruwa ya kece. Kafin yamma kogi ya tafi da gida goma sha ɗaya. Aka ƙirga mu a coci, ba a rasa ko mutum guda ba. Da aka dama kava, Waisake ya karɓi ƙoƙon farko, wanda nasa ne a al'ada, ya durƙusa ya miƙa mata.

Ku masu tasowa, in kun san abu tabbas, ku tsaya a kansa yadda ta tsaya, ko da gari duka na dariya.

Gwaggo, ke ce kika yarda mu zage ki don kada a binne mu. Mun gode, ni na fi kowa. Gidana na cikin sha ɗayan nan, kuma a ranar, barcin rana na yi niyyar yi a ciki.