Rariyar da ke Tsakaninmu da Gwaggo

Kafin a ɗaga gudron, wato hanyar kwalta, a Gazawa, ruwan sama bai taɓa hana mu sakewa ba. Kowane gida yana da rariya a gindin katanga, ruwan gidan sama ya bi ta gidan ƙasa, har ya faɗa kududdufin bayan gari, ƙasa ta shanye abinta. Haka muka taso muka tarar. Toshe wa maƙwabci rariya kuwa abin kunya ne, ko gaba kuke ba a yi.

Da aka zo aikin hanya, sai aka ciko ta har ta fi dokin ƙofarmu tsawo. Kanibon da aka gina mata, wato magudanar siminti, iyakarsa bakin kasuwa, shi ma kafin damina ta zagayo yashi da leda sun cika shi. To, ruwan hanya ina za shi? Lungunmu mana! Masu gidajen sama kowa ya jera buhunan yashi a ƙofarsa. Mu ma mun jera, amma mu ne a gangare, ruwan ya riƙa tsallake su kamar ba a sa komai ba.

A lokacin ni da Inna ne kawai a gidan, mahaifina ya rasu. Bayan katangarmu kuma Gwaggo ce, yayar mahaifina, tsohuwa mai ciwon gwiwa, ita kaɗai a ɗakinta na ƙasa. Idan muka bar rariya a buɗe, ruwan hanya duka gindin ɗakin Gwaggo zai daka. Idan muka toshe, ya kwanta a namu ya ci ɗakin Inna. Babu hanya ta uku, na duba har na gaji.

Na je meri, ofishin magajin gari, na yi ta faɗa. Na ce a wajen garin Sae Sabuwa na ga an haƙa ramuka a gefen hanya, an dasa gamba, ruwa yana tsayawa ƙasa ta sha. Mu me muka yi? Aka ce in yi haƙuri, ana sane. Haƙuri! Na dawo gida ina huci.

Wata ranar Laraba da hantsi hadari ya haɗo daga gabas. Kafin mu kwashe shanya, jan ruwa ya shigo ta zaure, da robobi da kashin awaki. Sai na ga Inna ta ɗauko tsohon buhu da tsummoki, ta duƙa tana cusawa a rariya.

Na ce, "Inna, me kike yi haka? Ɗakinki fa!"

Ta ce, "Rufe mini baki. Ki kawo dutse."

Na kawo, ina kuka don haushi. Ruwa ya kai mana idon sawu, ya haura ƙwauri. Ina kallon gindin ɗakin Inna yana jiƙewa, ƙasar tana saki tana faɗowa guntu-guntu. Fita ba ta yiwuwa, lungun ya zama gulbi.

Can sai muka ji ana zungurar buhun daga wancan gefe. Gwaggo ce, da taɓarya. Har ta tsufa ba ta daina kiran Inna Amarya ba.

Ta ɗaga murya ta ce, "Amarya! Wa ya toshe rariyar nan?"

Inna ta ce, "Ni ce, Yaya. Ki koma ɗaki, kar sanyi ya kama ki."

"Ke ce wa? Tun kakanmu rariyar nan a buɗe take. So kike a ce a gidan ƙanena aka fara toshe ta saboda ni? Cire hannunki!"

Inna ta zauna dirshan cikin ruwan, ta jingina bayanta da buhun. Gwaggo na zungura, Inna na tokarewa, kowacce tana zagin taurin kan 'yar'uwarta. Ni kuwa na tsaya kamar gunki. Wallahi a raina so nake Gwaggo ta yi nasara, kuma ina jin tsoron ta yi.

Ta yi ɗin. Taɓaryar ta sami Inna a kwankwaso, ta zame, buhun ya fice, ruwan ya wuce da ƙara. Muka ji Gwaggo tana cewa, "Yawwa. Haka aka saba."

Ɗakinta bai faɗi ranar ba, sai da ya ƙara shan ruwa biyu. Allah ya sa tana zaune a waje tana tsintar wake. Muka kwaso tabarmarta da ƙwaryarta muka dawo da ita ɗakin Inna, gado ɗaya suke kwana har yau.

Hanya tana nan yadda take, bangon ɗakin Inna kuma ya jiƙe har gwiwa, damshin ba ya bushewa ko da rani. Yanzu in hadari ya taso, su biyun sukan fito su duba rariya, su tabbata a buɗe take. Babu sauran ɗakin da za ta kayar a can. Wanda ya rage shi ne wanda suke ciki.